Ranar da Na Fasa Kwaɗon Yaya

Ɗinki uku ne a leɓena na ƙasa, shi ya sa kwana biyu ko shayi da cokali nake sha. Masu tambayata me ya same ni na yi shiru, ku gyara zama, yau zan faɗa muku. Amma don girman Allah kada kowa ya zagi Yayana a ƙasan rubutun nan. Ni kaina ban gama sanin yadda zan yi da shi ba.

Ni dai ina tsoron hadari. Ba irin tsoron da 'yan mata ke yi suna dariya ba. Ina shekara tara, ina aji uku, guguwa ta yaye rufin ajinmu, bango ya rufto kan bencin da ke gabana. Yarinyar da muke raba fensir da ita tana kan bencin. Ba ta tashi ba. Tun daga ranar ban sake taka makaranta ba. Yau shekarata ashirin da biyu, amma da na ga gabas ta yi baƙi sai tafin hannuna ya yi sanyi. Akwai wani lungu tsakanin kabad ɗin kaya da bango a ɗakina, nan nake cusa kaina in danne kunnuwa da matashi. Yaya kan leƙo ya ce, "Auta, tashi ki yi kwalliya, ga angonki can ya taso daga gabas."

Bara ciwon huhu ya kama Umma. Likita ya ce sai da injin numfashi, wani farin akwati mai taya da ke gefen gadonta, yana huci dare da rana, siririn tiyo ya taho daga jikinsa zuwa hancinta. Da wutar lantarki yake aiki. In aka ɗauke wuta, kafin kwata ɗin awa leɓen Umma ya fara duhu. Kun ga tsorona ya zama biyu ke nan: tsawa a sama, ɗaukewar wuta a ƙasa.

A nan Mai Tsani ya shigo rayuwata. Haka duk unguwa ke kiransa, don kullum da tsani a kafaɗa za ku gan shi. Ma'aikacin kamfanin wuta ne, shi ke hawa falwaya in waya ta tsinke. Ya zo duba mitarmu wata rana, aka yi wata 'yar tsawa can nesa, kofin ruwan da na kawo masa ya suɓuce daga hannuna ya fashe. Na so ƙasa ta tsage in shige. Bai yi dariya ba. Ya durƙusa yana tsince kwalbar, ya ce, "Ranki ya daɗe, tsawar da kika ji ai ta riga ta wuce ki. In kin ga walƙiya ki fara ƙirga. In ƙirgen ya yi tsawo kafin ƙarar, tana nesa."

Ni fa ko gaisuwa da baƙo sai na haɗa gumi.

Daga baya ya samu lambata a wajen maƙwabciyarmu, Maman 'Yan Biyu. Da ya gane karatuna a hankali yake tafiya, bai taɓa nuna ya gane ba, sai kawai ya koma turo saƙon murya. Na ajiye sunansa a wayata da "Mai Ɗinki" saboda Yaya. Wata rana ya ce, "Auta, tsoro in bai samu aikin yi ba, mai shi yake ci. Bari mu ba naki aiki."

Shi ya sa na haɗa jakar hadari. Tsohuwar jakar tafiyar Baba ce, Allah ya jiƙansa, mai zif ɗaya da ya mutu. A ciki akwai tocila biyu, batura, kyandir, ashana a cikin kwalba mai murfi don kada ta jiƙe, magungunan Umma, takalman roba, da 'yar guduma don tagar kicin da ke ɓallewa in iska ta taso. A ƙarƙashin gadon Umma kuma akwai ƙaramar tukunyar iska, wadda za ta riƙe ta kamar awa guda in babu wuta. Da na ga alamar hadari sai in cika jarkoki, in kwashe shanya, in zare filogin firji da talabijin, in caja waya. Wallahi hannu in yana aiki, rawarsa tana raguwa.

Sai maganar janareta.

Yaya direban babbar mota ne. Tun rasuwar Baba shi ne uba a gidan, kuma ban taɓa ganin ɗan da ke son uwarsa kamarsa ba. Babur ɗinsa ya sayar ya sayo janareta saboda injin Umma. Amma maimakon ya kira mai gyara, sai ya haɗa wata waya da kansa, mai filogi a kai biyu. Kai ɗaya a jikin janareta, ɗaya a soket ɗin falo. Yana tayarwa duk gidan ya haske. Har kiran abokansa yake su zo su ga dabara.

Mai Tsani ya ga wayar nan wata ranar da abokan Yaya ke zaune a ƙofar gida. Ya juya ta a hannu, ya ce, "Yaya, in za ka sa wannan, dole ka fara sauke babban makunnin da ke cikin akwatin mita. In ba ka sauke ba, wutar injin ba a gidanka kaɗai za ta tsaya ba. Za ta bi waya ta fita har kan falwaya. Mu kuma in muna sama, mun kashe layi daga can, muna kama waya da hannu ne. Wata rana wayar nan kisa za ta yi."

Ɗaya daga cikin abokan ya ƙyalƙyale da dariya. "Kai, ashe injiniyan namu makashi ne! Direba, koma kan sitiyarinka."

Ina bayan labule, na ga yadda jijiyar wuyan Yaya ta tashi. Bai taɓa yafe wannan dariyar ba. Da Mai Tsani ya dawo bayan wata guda, cikin farar riga mai guga, ya durƙusa ya ce yana neman izinin zuwa wajena, Yaya ko kujera bai ba shi ba.

"Ƙanwata ba za ta auri birin falwaya ba," in ji shi. "Mai hawa sama kullum, matarsa tun ranar ɗaurin aure take takaba. Tashi ka ba ni wuri."

Washegari ya sayo kwaɗo ya garƙame akwatin mita, ya sa mabuɗin a cikin makullan motarsa. Wai don kada wani ya sake samun dalilin shigo mana gida da sunan duba mita. Abin da bai sani ba, tun ranar gargaɗin nan, duk lokacin da ya tada injinsa, ni ce nake zagayawa in sauke makunnin a ɓoye. Yanzu ya kulle ni a waje. Na so in gaya wa Mai Tsani, amma na ji kunyar ya san irin wulaƙancin da aka yi saboda shi. Na yi shiru. Ku riƙe wannan, don laifina ne.

A satin ne Maman 'Yan Biyu ta miƙo min wata baƙar leda ta kan katanga, tana ƙunshe dariya. "Wasu turare ake aiko musu, ke kuwa ga naki lefen." Safar hannu ce ta roba, mai kauri, ruwan lemo, tana warin sabuwar taya. Saƙon Mai Tsani ya biyo baya: "In za ki taɓa makunni ana ruwa, ki sa su. Kada ki taɓa da hannu jiƙe ko da wasa."

Na tura masa, muryata ƙasa-ƙasa, "Ai sabbin da aka ba ka ne a wajen aiki. Kai fa?"

"Tsofaffin suna nan da ransu."

Na san tsofaffin. Na ga ta dama da huda a tafi, an naɗe da baƙin salatif.

Ranar Alhamis tun safe zafi ya yi kamar an kifa tukunya a kan garin. Ko ganye ba ya motsi. Tururuwa na ta kwasar ƙwai a gindin bangon kicin. Ina sanye da doguwar rigata mai ruwan toka da shuɗin hijabi, na gama cika jarka ta huɗu, bayan la'asar, sai na ɗaga kai. Gabas ta yi baƙi ƙirin, ƙasanta ja-ja.

Na ce wa kaina, ba tsoron nan aiki, Auta. Na kwashe zannuwan Umma daga igiya. Na zare filogai. Na jawo tukunyar iska kusa da gado, na ajiye jaka a bakin ƙofa.

Umma ta bi ni da ido. "Ki zauna haka, 'yar nan, kin fi hadarin kai-komo."

Wayata na kan teburin falo tana caji. Ta yi ƙara, daidai lokacin da Yaya ya shigo yana kaɗa makullai. Ya duba.

"Mai Ɗinki? Wane ɗinki kike da shi?"

Kafin in kai hannu ya danna. Muryar ta cika falon: "Auta, wannan hadarin babba ne. Kin haɗa jakar? Kada ki ji tsoro, ki ƙirga kawai. Ina tare da ke."

Marin ban ga tahowarsa ba. Sai dai na ji kunnena ya yi ɗif, na ga kaina a ƙasa kusa da ƙafar kujera.

"Yana tare da ke! A gidan ubana! Munafuka, sumu-sumu kamar ta Allah."

"Babana," Umma ta kira daga ɗaki, haka take ce masa don sunan mahaifinta gare shi. "Babana, bar ta." Tari ya sarƙe ta.

Ya zare wayar daga caji ya jefa a aljihun wandonsa. "Ta zama tawa. Ki je ki shige raminki, ga angon naki na gaskiya ya iso."

Ya iso kuwa. Iska ta bugi gidan kamar mota ta kauce hanya. Ƙofar banɗaki ta ɓalle da ƙarfe ɗaya. Bokitai suka yi ta gudu a tsakar gida. Rana ta ɓace, ka ce an hura fitila an kashe. Ban san lokacin da na shige lunguna ba, matashi a kai, haƙorana na haɗuwa. Walƙiya ta shigo ta ƙasan ƙofa. Ɗaya, biyu, uku, huɗu... ta fashe. Wata. Ɗaya, biyu... Wata kuma ko ɗaya ban kai ba, aradu ta faɗo kamar a tsakiyar kaina, gilashin tagar falo ya tarwatse. Na ji warin ajinmu, wallahi na ji shi, warin jiƙaƙƙen alli da ƙasa.

Sai wani ƙara mai nauyi a waje, reshen bishiyar ƙofar gida ya karye. Fankar ɗakina ta yi juyi biyu ta tsaya.

Daga ɗakin Umma injin ya fara kuka, ƙit, ƙit, ƙit. Kukan da yake yi in wuta ta ɗauke.

Da rarrafe na fita. Na bi bango har bakin ƙofa, na laluba jaka, na kunna tocila. Idanun Umma sun firfito, hannunta na kan ƙirji. Na zare tiyon daga injin na sa a tukunya, na murɗa kamar yadda na gwada sau ashirin a ranakun da babu hadari. Ta ja numfashi. Ta sake ja.

"Allah ya yi miki albarka," ta ce da ƙyar. "Ina Yayanki?"

Yana rumfar bayan gida, wajen janareta. Ruwa ya shiga rumfar ta gefe, injin ya jiƙe. Ina jin yana fizgar igiya, injin ya yi tari ya mutu, ya fizga, ya mutu, yana zaginsa kamar mutum. Na zauna a gefen gado ina riƙe da ƙafar Umma, idona a kan allurar da ke nuna sauran iskar tukunya. Tana sauka a hankali. Rabi. Ƙasa da rabi. Ta fara shiga ja.

Ruwan ya ɗan sassauta, sama ta yi haske kaɗan, ko da yake wani baƙin na sake haɗowa a baya. Na je tagar falo da ta fashe don in toshe ta da bargo. Ta saman katangarmu ana hango falwayar ƙofar gida. Wayar da ke shigowa gidanmu ta tsinke tana lilo. A jikin falwayar kuma akwai tsani.

Rigar ruwa mai launin rawaya tana hawa. Na san wannan hawan, na Mai Tsani ne, ƙafar hagu yake fara sawa. A ƙasa dattijon da suke aiki tare yana riƙe da tsanin. Duk unguwa babu wuta, amma gidanmu ya fara zuwa, don ya san iskar tukunyar nan ta awa guda ce.

A bayan gida injin ya yi tari mai tsawo fiye da na baya, sannan ya mutu.

Na duba soket ɗin falo. Wayar Yaya mai kai biyu tana ciki. In na zare ta, injin Umma ba zai samu wuta ba, ga allura a ja. In na bar ta, janareta na kamawa wutar za ta fita ta same shi a sama. Hanya ɗaya ce za ta tsirar da su biyun, makunnin nan, kuma yana bayan kwaɗo.

Na ruga rumfa. Yaya ya tuɓe riga, jikinsa duk baƙin mai, tafin hannunsa ya fashe saboda igiya.

"Yaya, ba ni mabuɗin mita. Akwai mutum a kan falwaya."

Ko juyowa bai yi ba. "Wane mutum?"

"Shi ne. Don Allah, Yaya. Minti ɗaya kawai, in sauke makunnin."

"Uwarki na can tana shaƙewa, ke kina nan kina min maganar biri?" Ya naɗe igiya a hannu.

Ni da ban taɓa ɗaga ido na kalle shi ba, na kama hannun nan da hannu biyu na rataye. Ya fizge, ban saki ba. Ya ɗaga gwiwar hannunsa ya kai min a baki. Na ji leɓena ya tsage a kan haƙori, gishiri ya cika min baki. Ya hankaɗa ni, bayana ya daki jarkar fetur, na faɗa cikin ruwan da ya kwanta.

"Ki sake taɓa ni ki gani! Zancen banzan da ya cusa miki a kai. Shekara guda ina tada injin nan, wa ya mutu?"

"Ni nake saukewa!" Jini na fita tare da maganar. "Kullum ni nake saukewa!"

Tsawa ta haɗiye muryata. Ko ya ji, ko bai ji ba, Allah ne masani. Ya juya ya fizgi igiya.

Na tashi da gudu. Na fizgi jaka a bakin ƙofar Umma, na zazzage ta a ƙasa. Takalman roba. Safar hannu. Guduma. Akwatin mita yana jikin katanga kusa da ƙofar waje, babu rumfa, babu komai a kansa sai sama. Hadari na biyu ya riga ya sauko. Tsakar gidanmu taku goma sha biyu ce, na sani don na sha sharewa. Shekara goma sha uku ban taka fili ana tsawa ba.

Na taka.

Ruwan na dukan fuska kamar tsakuwa. Wani falle na kwanon rufin maƙwabta ya taso yana juyi a iska, ya wuce ta saman kaina, ya daki igiyar shanya ya tsinka ta. Na ƙwala wa Mai Tsani kira, iska ta mayar min da muryar cikin baki. Ina hango shi ta saman katanga, ya ɗaure bel ɗinsa a falwaya, ya kamo bakin wayarmu yana haɗawa.

Na ɗaga guduma na daki kwaɗon. Ta zame. Na sake. Ya lotse, bai buɗe ba. Walƙiya ta haske bangon fari fat, ban ƙirga ba. Na uku.

A bayan gida injin ya kama.

Ƙwan fitilar tsakar gida ya kawo. A daidai lokacin na ji wata ƙara daga sama da ban taɓa jin ɗan Adam ya yi irinta ba, gajeriya, kamar an shaƙe ta a tsakiya. Jikinsa ya sanƙare ya lanƙwashe baya, hannunsa na dama manne da waya, ƙafafunsa na karkarwa a kan tsani. Dattijon na ihu, "Wa ya tada inji? Ku kashe! Ku kashe!"

Na bar kwaɗon, na daki ƙarfen da aka rataya shi. Ya ɓalle da ƙusoshinsa. Murfin ya buɗe.

Aka fizgi hijabina ta baya har wuyana ya shaƙe. Yaya ne. "Za ki kashe wa Umma wuta saboda namiji?"

Ga abin da ban gaya wa kowa ba sai ku. Ban roƙe shi ba. Na juya na sauke masa gudumar a bayan hannu da duk ƙarfina. Na ji ƙashi ya amsa. Ya saki, ya durƙushe yana riƙe da hannun. Na kama makunnin da safar nan mai ruwan lemo na ja ƙasa.

Hannun Mai Tsani ya saki waya. Jikin ya zube, ya rataye a bel, kansa a ƙirji, yana lilo.

Ƙwan tsakar gida bai mutu ba. Daga tagar Umma na ji kukan injinta ya tsaya, ya koma hucinsa na kullum. Yaya ya ɗaga kai ya kalli ƙwan. Ya kalli makunnin. Ya sake kallon ƙwan. Bakinsa a buɗe, ruwa na shiga.

Na zare sakatar ƙofa na fita. Maza uku na unguwa suka taimaki dattijon aka sauko da shi da igiya, aka shimfiɗe shi a barandar shagon tela. Fuskarsa ta yi toka. Safarsa ta dama ta narke a daidai wajen salatif ɗin nan, tafin ya ƙone, warin ya cika wurin. Dattijon ya kara kunne a ƙirjinsa, ya ɗora hannu biyu ya fara dannawa yana ƙirga, yana hura masa iska a baki. "Tashi, ɗan nan. Kada ka yi min haka. Me zan ce wa uwarka? Tashi!" Na ji haƙarƙari ya yi ƙas, bai daina ba. Maman 'Yan Biyu ta riƙe ni tana salati.

Sai ya yi tari. Ya yi amai. Ya ja numfashi mai ƙara kamar ana jan ƙarfe a siminti.

Mijin Maman 'Yan Biyu ya kawo motarsa. Dattijon ya ce, "A samu mai riƙe masa kai." Idonsa ya sauka a kaina, da safar da ke hannuna, da jinin da ya ɓata min gaban hijabi. "Zo, 'yata, ke ma bakin nan sai an duba."

"In kika shiga motar nan," muryar Yaya ta fito daga ƙofar gida, hannunsa ya kumbura kamar an hura, "babu ni babu ke."

Na tsaya, ƙafa ɗaya a mota. Sai aka ɗaga labulen tagar Umma. Ban san yadda ta sauko daga gado ba. Tiyo a hancinta, ta riƙe ƙarfen taga.

"Auta," ta ce, kalma-kalma. "Shiga. Kai kuma, Babana, zo ka zauna a gabana."

A hanya ya buɗe ido. Ya daɗe yana kallon rufin motar, sannan idonsa ya gangaro kan hannuwana. Leɓensa ya motsa, na sunkuya.

"Kin sa su," ya ce.

Na gyaɗa kai, hawaye da jini na ɗiga a rigar ruwansa.

Yana raye. Haƙarƙari biyu sun karye, likita ya ce yatsu biyu na hannun daman sai an ga abin da Allah zai yi. A nan asibitin aka ɗinke min leɓe. Kafin mu rabu dattijon ya ja ni gefe. Ya ce dole ya kai rahoto wajen aiki, kuma gidaje huɗu ne a layin ke da janareta. "Wutar daga ɗaya ta fito. In kuskure ne, kuskure ne. Ki yi tunani, zan kira ki ranar Asabar." Mai Tsani yana jin mu daga kan gado. Ya kamo bakin hijabina da hannun hagu ya ja kaɗan, ya girgiza min kai, alamar kada in faɗa.

Da na dawo gida na tarar da wayata a kan matashina. Wayar Yaya mai kai biyu kuma tana cikin kwandon shara, an daddatsa ta da wuƙa. Na yi ajiyar zuciya, na ce ya yi nadama, zan ce ban sani ba, a bar maganar.

Sai na buɗe saƙonni. Akwai na ƙarshe daga Mai Ɗinki, wanda ya shigo lokacin da wayar ke aljihun Yaya, minti ashirin kafin injin ya kama. Na kara a kunne. Ruwa na zuba a bayan muryarsa: "Auta, wayarku ce ta tsinke, yanzu zan hau in haɗa saboda Umma. Ki sauke makunnin kafin a tada inji. Na dogara da ke."

Saƙon da ba a taɓa saurara ba, da 'yar alama yake zuwa a gefensa. Wannan ba shi da ita. An riga an saurare shi, kuma ba ni ba ce.

Yau Asabar. Yaya yana zaune a ƙasa a bakin ƙofar ɗakina tun bayan azahar, hannunsa a naɗe, ina ganin inuwar ƙafarsa ta ƙasan ƙofa. Gabas ta fara haɗa wani baƙin, kuma ko jarka ɗaya ban cika ba. Wayar tana ta ruri a cinyata, sunan dattijon ne, karo na biyu ke nan.

Yaya ya ƙwanƙwasa a hankali, da hannun da ban fasa ba.

"Auta," ya ce. "Kafin ki ɗauka, buɗe."